Ƙyallen da Muka Rubuta wa Duniya

Jiya ina bakin shago ina wanke buroshi da kananzir, na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai aikin Baba Arzika ai rubutu ne kawai, abin da kwamfuta ke fitarwa kafin shayi ya huce. Ban tanka ba don akwai baƙo a wurin. Yau babu baƙo, saboda haka ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Ni ba na gaba da injinku. Yana fitar da harafi sumul, ya fi hannuna sauri, shi ne ma ya kwashe mini yawancin masu kawo aiki. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuna buga duk abin da aka miƙo muku, ba ku taɓa ɗaga kai kun tambayi wa zai ɗauki abin a kafaɗarsa ba.

Aikin farko da Malam Ladan ya ba ni, a wannan lungu na Ƙofar Kware, jan layi ne. Malam Ladan shi ne maigidana, a hannunsa na koyi zanen alluna da ƙyallaye. Za a shimfiɗa farin yadi a ƙasa, a danne gefunansa da duwatsu, a shafa wa igiya alli, mutum biyu su ja ta ta yi tauri, sai a ɗaga tsakiyarta a saki, ta bar layi miƙaƙƙe. Na daɗe a kan wannan kafin ya bar ni na taɓa fenti. Buroshin ma shi yake ɗaura abinsa da gashin wutsiyar akuya, don na kanti a wurinsa tsintsiya ce. A gwangwanin madara muke dama fenti. In kananzir ya yi yawa, fentin ya bi zaren yadi, harafi ya yi gemu. In ya yi kaɗan, ya bushe ya tsage ranar da aka naɗe ƙyallen. Ja shi ke fara mutuwa a ranar Sakkwato, don haka ba a rubuta babbar magana da ja. In an gama, sai a ɗauki reza a yanka 'yan ƙofofi kamar jinjirin wata a tsakanin layuka, iska ta samu wurin wucewa, in ba haka ba ƙyalle mai tsawo sai ya kayar da ƙato biyu a kan titi. Sannan ga ƙugiyar harafi. Wani abokin koyona ya taɓa rubuta ƙasarmu ba ƙugiya, Malam Ladan ya sa shi ya sake ƙyallen daga farko, ya ce shi ba zai bari mutane su ɗauki kasa a kafaɗa su zaga gari suna cewa a cece ta ba.

Ƙyallen da ya fara sa ni ganin wannan aiki da girma na wasu ɗalibai ne. Ina saurayi lokacin. Sun zo za su yi jerin gwano a kan mulkin wariyar launin fata da ake yi can Afirka ta Kudu. Malam Ladan ya ce su sayo yadi kawai, aikin hannu nasa ne. Yana da wata rediyo da ke rataye a ƙusa daga safe har magariba, daga cikinta ya san sunayen ƙasashen da ko ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Ranar na tambaye shi yadda ƙyalle a Sakkwato zai taɓa mutumin da ke ƙarshen duniya. Ya ce duniya tana da kunne, kuma tana da kunya. Ya ce akwai dokar da ta fi ta soja da ta mai kuɗi, wadda ƙasashe suka zauna suka sa wa hannu, kuma azzalumi kowane iri ne yana tsoron a nuna shi da yatsa daga kowane ɓangare. Da wancan mulki ya faɗi, sai ya aika aka sayo tsire, ya tara makwabta, ya ce buroshinmu na da kaso a ciki. Mutane suka yi ta dariya. Ni ban yi ba, don na yarda da shi.

Wani aiki kuma na ga ya mayar da shi, a lokacin da muke bukatarsa. Wani mutum ne ya zo da babbar riga, yana son ƙyallaye da za a kafa a bakin wani ƙauye da ke hanyar Wamakko, a rubuta cewa manoman wurin sun amince kuma suna maraba da gidajen da za a gina a gonakinsu. Malam Ladan ya ce to, amma a kawo masa manomi ɗaya ya faɗi wannan magana da bakinsa, sai ya ɗauki buroshi. Mutumin ya ɗauka wasa ne. Da ya ga ba wasa ba ne ya tattara rigarsa ya tafi. Bayan ya wuce maigidana ya dube ni.

"Arzika, ƙyalle baki ne. In ka rubuta jama'a sun yarda, ka ari bakin mutanen da ba su nan. Wanda yac ci aron baki ba da izini ba, ɓarawo ne, ko da shina da lasin."

Lokacin zaɓe kuwa na ga abin da ya fi haka. Mutum ɗaya zai zo da safe ya ba da aikin wannan jam'iyya, da la'asar ya dawo da na waccan, duka biyun kuma a sama an rubuta zaɓin talakawa. Duk da haka ban taɓa fashin layin zaɓe ba, har bayan Malam Ladan ya rasu, Allah ya jiƙansa. Shi ya koya mini cewa mulki ba da yardar mutane ba kamar gini ne ba tubali, kuma na riƙe.

Da injinanku suka shigo gari, abin da ya rage mini shi ne zanen bayan mota. Wannan kam ba ku iya shi ba, don katako da ƙarfe ba sa shiga inji. Manyan motocin da ke ɗaukar albasa su bi ta Illela su tsallaka Ƙonni su ne suka riƙe ni. A nan na san Mode, direba, mutum mai ƙarancin magana, wanda duk bayan damina yake kawo motarsa in sabunta mata ɗawisu da zaki. Mahaifiyarsa, Inna Hajo, tana wani ƙauye gaba da Ƙonni kaɗan. Ciwon suga gare ta, da gyambo a ƙafa. Lokaci zuwa lokaci yakan ɗauko ta a gaban mota ya kawo ta asibiti nan Sakkwato, a wanke ƙafar, a ba ta allurar da ake ajiyewa cikin sanyi, ya mayar da ita. A wurinsu wannan iyaka shingen kara ce tsakanin gida da gida. Rabin danginsa na can, rabi na nan.

Sai shekarar da sojoji suka kifar da gwamnati a can, shugabannin ƙasashen yankin kuma suka taru suka ce a rufe iyaka, a yanke musu wuta, har ana maganar yaƙi. Cikin damina ne. Aiki ya tsaya mini cak, don motar da ba ta tafiya ba a yi mata kwalliya. Fenti ya yi fata a gwangwani. Na koma rubuta lambar gida da sunan shagon aski. Motar Mode tana cikin jerin da ya tsaya a Illela, cike da albasa, ruwa na dukanta rana na gasa ta, har wari ya hana mutane zama kusa.

A cikin wannan hali Mode ya shigo shagon nan tare da dattawan direbobi da na 'yan albasa, da wani matashi mai tabarau da ya sauka daga keke. Sunansa Malam Nasiru, yana koyar da shari'a, a Arkilla yake zaune. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce za su yi taro na lumana a bakin tasha, suna son ƙyalle mafi girma da na taɓa yi. Ya yi mini bayani kamar yana gaban aji. Ya ce akwai yarjejeniyar da ƙasashen nan suka sa wa hannu cewa ɗan yankin zai shiga ya fita ba shamaki. Ya ce dokar ƙasa da ƙasa ta hana a hukunta talaka da laifin mai bindiga, ta hana a tare magani da abinci. Ya ce akwai kotu da aka kafa don irin wannan. Abin da ya rage kawai, in ji shi, duniya ta gani da idonta. Ina sauraronsa kamar ina jin muryar maigidana, sai dai wannan ya san lambar kowane sashe.

Ya miƙo mini abin da za a rubuta, ya kusa cika shafi. Na ce masa, Malam, ƙyalle ba takardar kotu ba ce, mutum a kan babur zai karanta shi. Na juya wurin Mode na ce shi da zai riƙe gorar ƙyallen, me yake son faɗa.

"Ba a tambaye mu ba," in ji shi. "Waɗanda sunka yi juyin mulki ba su tambaye mu ba. Waɗanda sunka ruhe hanya ba su tambaye mu ba. Su buɗe muna hanya, shi ke nan."

Abin da na rubuta ke nan. BA A TAMBAYE MU BA a sama, KU BUƊE HANYA a ƙasa. Muka ɗan yi gardama a kan harshe. Malam Nasiru yana son Turanci a sama saboda masu ɗaukar hoto, dattawa suka ce ba za su ɗauki abin da ba za su iya karantawa ba. Muka daidaita, Hausa da manyan baƙaƙe, Turanci da Faransanci ƙanana a ƙarƙashi. Ni ban san Faransanci ba, shi ya rubuta mini na kwaikwaya harafi bayan harafi, har da 'yan ɗigon da ke kansu. Yadin bai shiga shago ba, a tsakar lungu muka shimfiɗa shi, makwabta suka riƙa tsallakawa. Baƙin fenti na sa, na bi kowane harafi sau biyu. Tela ya ɗinke aljihun gora a gefe da tsakiya. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba, kuma ban karɓi ladan hannu ba.

Taron ya yi kyau, ba wanda ya jefa ko tsakuwa. Direbobi, 'yan kamasho, masu dako, matan da ke sayar da abinci a tasha, kowa ya fito. 'Yan jarida sun zo, har da wata baƙuwa da mai ɗaukar mata hoto. Washegari Malam Nasiru ya zo da gudu yana nuna mini waya. Ga ƙyallena a gidan talabijin na wata ƙasa mai nisa, ga mutane daga ko'ina suna rubuta cewa abin tausayi ne, suna tare da mu. Fuskarsa kamar an yi masa haihuwa. Ya ce Baba, an gani, yanzu ba su da mafita. Ni ma na ce alhamdulillahi.

To ku ji abin da duniyar ta yi da shi. Ba a yi mako ba wani ya ɗauki hoton ya sa a irin kwamfutarku, ya bar layin sama, ya goge na ƙasa, ya rubuta kirari ga sojojin da suka yi juyin mulki, ya manna hoton babbansu a inda na yanka ƙofar iska. Wannan hoton shi ya fi na gaskiya yawo. Wasu suka ce ga Sakkwatawa sun fito goyon bayan soja. Wasu a nan gida suka ce 'yan fasa-ƙwauri ne suka yi hayar jama'a. Aka kira Malam Nasiru aka yi masa tambayoyi, aka ja masa kunne. Ya rubuta wa duk wani ofishi da ke da kalmar haƙƙi a sunansa, waɗanda suka ga damar amsawa suka ce sun damu ƙwarai, suna bin lamarin sau da ƙafa. Ya shigar da ƙara, aka ba shi rana, aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Masu cewa suna tare da mu kuwa, wani bala'i ya auku a wani wuri, suka koma can da tausayinsu. Hanya tana nan a rufe.

Ana cikin haka saƙo ya zo wa Mode cewa ƙafar Inna Hajo ta yi baƙi. Allurar da ta rage mata ta lalace, don mai shagon da ke ajiye mata a firij ba shi da wuta. Ya bar motarsa da ruɓaɓɓiyar albasa, ya hau babur ya bi ta daji kamar ɓarawo, zuwa gidan da aka haife shi. Ya tarar ba ta iya zama a kan babur. Ya nemi amalanken shanu, aka shimfiɗa mata tabarma, suka bi ta cikin gonakin gero don kauce wa masu tsaron iyaka na ɓangarorin biyu. Hanyar da motarsa ke cinyewa kafin rana ta yi zafi, ita suka wuni suna ja cikin laka. Ba su kai titi ba ta cika, a gindin wata aduwa, a gefen gonar wani mutum mai suna Tanko. Rafin da suka tsallako ya kawo ruwa a bayansu, ba halin komawa. Matan rugar da ke kusa suka yi mata wanka, Tanko ya ba da gefen gonarsa, aka rufe ta a nan.

Da Mode ya dawo ya zauna a kan wancan benci ya ba ni labari, ba hawaye, ba ɗaga murya. Malam Nasiru ya zo ta'aziyya ya kasa haɗa ido da shi.

Bayan watanni, su dai waɗanda suka rufe iyakar suka sake taruwa suka buɗe ta, suka ce don tausayin talakawa. Sojojin suna nan inda suke, ko gezau. Wato abin da aka ce za a cimma ba a cimma ba, abin da aka kashe kuma ya mutu. Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Ba kotun da ta kira kowa. A makon ne wani ya tsaya da mota a bakin shagon nan, ya ce maigidansa na son ƙyalle a kafa a tasha, a rubuta cewa direbobi da 'yan kasuwar albasa suna godiya ga shugabanni masu jin kukan talaka. Abin da na gaya masa ba zan maimaita a gabanku ba, don ni dattijo ne. Ya tsallaka titi ya shiga shagonku. Kafin la'asar kun buga masa, da launi kala-kala, da furanni a gefe. Na san ba ku yi da mugunta ba, ba ku ma karanta ba, kun duba girman harafi kawai. Amma a ƙarƙashin wannan godiya Mode ya riƙa ajiye motarsa har rana ta cinye ta. Shi ya sa in na ji kuna cewa rubutu ne kawai, jinina ke tafasa.

Kada ku ɗauka Malam Nasiru maƙaryaci ne. Dokar tana nan, ya nuna mini ita, an sa mata hannu da hatimi. Maganar maigidana ma ba ƙarya ba ce, duniya tana da kunne, ta ji mu sarai. Kunyar ce ban gani ba. Masu sa hannu a doka suna tuna ta ranar da za ta kama abokin gabarsu, ranar da ta juyo kansu sai ta zama takarda. Yardar jama'a kuwa sun gano ana sayenta da yadi, kamar atamfa. Har yau Malam Nasiru yana bin ƙararsa, har yau in ya kawo aiki ina yi masa, muna faɗa ina yi. Gara mai wautarsa da masu wayon da suka bar tsohuwa a kan amalanke.

Aiki na ƙarshe da na yi a kan wannan magana ƙarami ne, bai fi faɗin faranti ba. Kafin damina ta dawo Mode ya zo ya ce yana tsoron garma ta bi ta kan kabarin, ko ciyawa ta rufe shi ya kasa gane wurin. Na yanko faifan ƙarfe, na goge tsatsa, na shafa masa jan fenti mai hana tsatsa, na bari ya bushe, na bi da baƙi. Na rubuta sunanta da fari, da addu'a a ƙasa da ajami, don mutanen wurin shi suka fi karantawa. Maƙeri ya haɗa masa ƙafa. Muka tafi mu uku, don Malam Nasiru ya roƙi a je da shi, yana son ya ga wurin ya sa a cikin ƙararsa.

Mun bar mota a bakin titi muka taka. Tanko ya tarbe mu da ruwa, ya kai mu gindin aduwar, ya kewaye wurin da ƙaya tun tuni. Malam Nasiru ya tambaye shi wannan gefen gonar a wace ƙasa yake, don kotu za ta so ta sani. Tanko ya ce wallahi bai sani ba, masu kakin can sukan zo su ce nasu ne, na nan ma haka, shi dai gonar ubansa ce. Mode ya ari fartanyar Tanko ya haƙa rami, na riƙe allon ya miƙe, ya mayar da ƙasa ya taka. Muka yi addu'a. Da muka shafa, Malam Nasiru ya cire tabarau, ya ce wa Mode ya yi masa alkawari ba zai bari ba sai duniya ta san abin da ya faru a wannan wuri.

Mode ya kakkaɓe hannunsa, ya ɗauki fartanya ya miƙa wa Tanko.

"To Malam," ya ce. "In ta tashi zuwa, ka hwaɗa mata ta aje mota ga titi ta tako da ƙahwa. Hanya ba ta kawowa nan."